BABI NA UKU: LITTAFIN ROBERT BURTON A KAN CUTAR BAƘIN CIKI, TUSHENSA DA TASIRINSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo kalmomin da Hausawa ke amfani da su wajen bayyana ƙuncin zuciya, irin su baƙin ciki da ɓacin rai da zullumi da tagumi da bege. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi, a dubi wani littafi da aka buga a Ingila a shekarar 1621 mai suna The Anatomy of Melancholy, wanda a Hausa za a iya kiransa "Feɗe Cutar Baƙin Ciki". Za a yi bayanin marubucinsa da tsarinsa da inda ya samo iliminsa, sannan tasirin da ya yi. Abin da babin ke son nunawa shi ne, ilimin da aka gina littafin a kansa ya bi ta hannun likitocin Musulmi kafin ya isa Turai, kuma wani reshe nasa ya iso ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Idan wannan ya tabbata, to da'awar da wasu likitocin zamanin mulkin mallaka suka yi, cewa mutumin Afirka bai san wannan cuta ba, ta rasa madafa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Marubucin

An haifi Robert Burton a shekarar 1577 a ƙauyen Lindley da ke tsakiyar Ingila. Ya shiga Jami'ar Oxford a 1593, daga baya a 1599 ya koma kwalejin Christ Church ta wannan jami'a, inda ya zauna har rasuwarsa a watan Janairu na 1640. Limamin coci ne, kuma ya riƙe ɗakin karatu na kwalejinsa tun daga 1624. Bai yi aure ba, bai kuma taɓa fita ƙasarsa ba. Duniyar da ya sani ta cikin littattafai da taswira ya san ta, ya kuwa bar littattafai fiye da 1,700 bayan rasuwarsa.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, Burton ba likita ba ne, bai taɓa riƙe asibiti ba. Na biyu, shi kansa yana fama da cutar da yake rubutu a kanta, kuma bai ɓoye ba cewa ya ɗauki aikin ne domin ya shagaltar da zuciyarsa. Ya sa wa kansa laƙabin "Democritus Ƙarami", yana jingina kansa ga wani masanin falsafa na Girka wanda ake ba da labarin cewa an taɓa iske shi yana feɗe dabbobi yana neman mazaunin baƙin ciki a jikinsu.

An sake buga littafin a 1624 da 1628 da 1632 da 1638, kuma a kowane bugu sai ya yi ƙari. Bugu na shida ya fito a 1651 bayan rasuwarsa. Bugun farko yana da kalmomi kimanin 350,000, na ƙarshe kuwa ya haura 500,000. Wato ke nan kusan shekara ashirin ya yi yana ɗora wa littafi guda.

3.2 Tsarin Littafin da Abin da Ya Ƙunsa

Bayan doguwar gabatarwa wadda a cikinta ya yi wa duniya da shugabanninta da malamanta ba'a, Burton ya kasa littafin gida uku. Kashi na farko ya yi magana a kan ma'anar cutar da sabubbanta da alamominta. Kashi na biyu a kan magani. Kashi na uku ya keɓe shi ga nau'i biyu, wato baƙin cikin soyayya, har da kishi, da kuma baƙin cikin da ke da nasaba da addini. Kowane kashi ya rarrabu zuwa ƙananan sassa, kamar yadda mai feɗe dabba ke ware gaɓa daga gaɓa. Daga nan littafin ya samo sunansa.

Burton ya bambance baƙin ciki mai wucewa, wanda babu ɗan Adam da ya tsira daga gare shi, da kuma wanda ya zauna daram ya zama cuta. Alamar na biyun ita ce tsoro da ƙunci masu daɗewa ba tare da wani dalili na fili ba. Ya kasa shi uku gwargwadon inda ya taso: na kai, da na jiki duka, da na ciki, wanda ke tasowa daga ɓangaren saifa da hanta da hanji.

Wajen sabubba ya tattaro duk abin da magabata suka faɗa. Ya ambaci jarrabawar Ubangiji da shaiɗanu da mayu da taurari da tsufa da gado daga iyaye. Ya kawo abubuwa shida da likitocin da suka ce lafiya ta rataya a kansu: abinci, iskar da ake shaƙa, motsa jiki da hutu, barci da farkawa, fitar abin da ya kamata ya fita daga jiki ko riƙewarsa, da kuma motsin zuciya. Bayan waɗannan ya ƙara da talauci da rashin 'yanci da mutuwar masoyi da mugun reno da zaman banza da kaɗaici. Har fasali guda ya ware a kan wahalar ɗalibai da malamai, waɗanda ke ƙare ƙuruciyarsu a karatu su fito babu abin yi.

A ɓangaren magani ya fara da hana zuwa wurin matsafa. Sai ya ce a fara da addu'a, amma a haɗa da likita, domin ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya. Daga nan ya jero gyaran abinci da sauya wuri da motsa jiki da kiɗa da fira da amini wanda za a buɗe wa ciki, kafin ya zo kan magungunan sha da na wankin ciki da tsaga. Nasihar da ya rufe littafin da ita ta tsaya ne a kan guje wa kaɗaici da zaman kashe wando.

Littafin yana da nasa aibi. A sashen addini marubucin ya yi kalaman ɓatanci ga Musulunci da ɗariƙar Katolika da duk wanda ya saɓa wa cocin Ingila, kamar yadda yawancin malaman cocinsa suka saba a lokacin. Haka kuma yakan jero ra'ayoyi masu karo da juna ya wuce ba tare da ya rinjayar da ɗaya ba.

3.3 Tushen Ilimin Littafin

Kalmar da ke cikin sunan littafin ta Girkanci ce, ma'anarta "baƙar maɗaciya". Likitocin Girka, tun daga Abuƙiraɗu zuwa Jalinusu, sun tafi a kan cewa jiki ya haɗu ne da ruwaye huɗu: jini da majina da ruwan maɗaciya rawaya da kuma baƙi. Lafiya ita ce daidaituwarsu. Idan baƙin ya rinjaya, wanda ɗabi'arsa sanyi ce da bushewa, sai tururinsa ya hau ƙwaƙwalwa ya duhunta tunani. Larabawa sun kira ruwayen nan damu da balgamu da safra'u da sauda'u, cutar kuma suka ara mata sunan Girkanci suka ce malihuliya.

Wannan ilimi bai tsallaka daga Girka zuwa Ingila kai tsaye ba. A farkon ƙarni na 10 wani likita ɗan Bagadaza mai suna Ishaƙ bn Imran, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta littafi sukutum a kan malihuliya, yana dogaro da Rufus na Afisa, wanda asalin littafinsa na Girkanci ya ɓace. A ƙarni na 11 wani mutumin Arewacin Afirka da ake kira Constantine Ba'afirke ya ƙaura zuwa Italiya, ya fassara littafin zuwa Latin ba tare da ya ambaci mai shi ba. An buga fassarar a 1536, kuma Turawa sun daɗe suna karanta ta da sunan Constantine. Haka nan an fassara Alƙanun na Ibn Sina (980–1037) a birnin Toledo na Andalus a ƙarni na 12, aka kuma fassara Alhawi na Abubakar Arrazi a 1279.

Wanda ya buɗe littafin Burton zai yi ta cin karo da sunayen Avicenna da Rhasis da Constantine. Na farko Ibn Sina ne, na biyu Arrazi. A sashen soyayya ma Burton ya kawo sunan da Ibn Sina ya ba ciwon, wato ishƙi, a gurɓatacciyar siffar da masu fassarar Latin suka bar shi. Akwai kuma wani Ba'afirke da yake yawan kafa hujja da shi idan zai yi maganar al'adun Afirka, shi ne Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An buga littafinsa a Italiya a 1550, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1600, kuma a cikinsa akwai bayanin Kano da Katsina da Gobir da Zamfara da Zazzau, wadda ya rubuta Zegzeg. Ashe ke nan sunan Zazzau yana cikin littafin da malamin Oxford ya riƙa ɗiba daga gare shi.

3.4 Tasirin Littafin a Turai

Tasirin littafin ya bi hanya biyu, ta likitanci da ta adabi, kuma ba su yi tsawon rai ɗaya ba. A 1628, shekarar da bugu na uku ya fito, William Harvey ya wallafa bayaninsa a kan yadda jini ke zagaya jiki. Daga nan ra'ayin ruwaye huɗu ya fara rauni, har ya zuwa ƙarni na 19 da binciken ƙwayoyin halitta da ƙwayoyin cuta ya kawar da shi baki ɗaya. Babu likitan da ya taɓa gano baƙar maɗaciya a jikin mutum. Bayan bugun 1676 littafin ya yi shekara 124 ba a sake buga shi ba.

Ta fuskar adabi kuwa bai mutu ba. Samuel Johnson, mai shahararren ƙamus na 1755, wanda shi ma ya yi fama da cutar, an ruwaito cewa wannan ne kaɗai littafin da ya taɓa tashinsa daga barci awa biyu kafin lokacin da ya so. Laurence Sterne ya kwashi sassa da dama daga ciki ya zuba a ƙagaggen labarinsa Tristram Shandy (1759–1767) bai faɗa ba, sai a 1798 wani likita mai suna John Ferriar ya tona asirin a wani littafi. Wannan tonon silili ya jawo hankalin jama'a, aka sake buga Burton a 1800. Marubutan farkon ƙarni na 19 sun rungume shi, musamman Charles Lamb da mawaƙi John Keats, wanda ya gina waƙarsa Lamia ta 1820 a kan wani labari da ya samu a ciki.

Daga baya likitoci sun dawo gare shi, amma a matsayin taskar tarihi. William Osler, wanda ya zama babban farfesan likitanci a Oxford a 1905, ya ɗauke shi a matsayin mafi girman littafin likitanci da wanda ba likita ba ya rubuta, ya kuma sa aka tattara littattafan Burton da ke Christ Church wuri ɗaya. A 2021, da littafin ya cika shekara 400, ɗakin karatu na Bodleian ya shirya baje koli a kansa. Abin da ya rayu a littafin shi ne siffanta halin mai cutar da kuma shawarwarin zaman duniya. Bayanin maɗaciya da saifa ya zama tarihi.

3.5 Reshen da Ya Iso Ƙasar Hausa

Ilimin ɗibbu ya shigo ƙasar Hausa tare da sauran littattafan Musulunci ta hanyar fatake da alhazai da malamai matafiya. Abdalla (1997) ya nuna cewa abin da ya fi isowa shi ne littattafan ɗibbun Annabi da taƙaitattun littattafan ƙarnonin baya, ba manyan kundayen Arrazi da Ibn Sina ba. Duk da haka waɗannan taƙaitattun suna ɗauke da ra'ayin ruwaye huɗu. Misali shi ne Kitaburrahma fiɗɗibbi walhikima, wanda ake jingina wa Suyuɗi ko da yake masana da yawa na ganin wani malamin Yaman da ya rasu a 1412 ne asalin mai shi. Littafin sananne ne a zaurukan malamai da kasuwannin littattafai na ƙasar Hausa, kuma da bayanin ɗabi'u huɗu ya fara.

Shugabannin jihadi sun yi rubutu a wannan fanni. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, a kan abin da ke gyara addini da jiki. Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837) ya fi su yawan rubutu a ɗibbu, yana da littafi a kan basir da na ciwon ido da kuma wani a kan filasko. Shi wannan filasko, wanda Larabawa ke kira sana, yana cikin magungunan da Burton ya lissafa na wanke baƙar maɗaciya daga ciki. Babu ɗayansu da ya san ɗaya, tsakaninsu kuma akwai shekara ɗari biyu da hamada da teku, amma daga rijiya ɗaya suka sha.

Akwai kuma shaidar harshe. Bagirke ya ce baƙar maɗaciya, Balarabe ya ce sauda'u, wato baƙa, Bahaushe ya ce baƙin ciki, kishiyarsa farin ciki. Wannan kamanci bai isa hujjar aro ba, domin ginin kalmar na Hausa ne tsantsa, kuma Bahaushe ya saba ajiye halin mutum a cikinsa, kamar a zurfin ciki da shashancin "ba shi da ciki". Abin da za a iya cewa shi ne al'ummomin uku sun haɗu a kan siffanta ƙunci da baƙi, suka kuma ba shi mazauni a ciki. Haka nan sabubban da Burton ya fara da su, shaiɗanu da mayu, su ne Bahaushe ke kira iska da maita da sammu.

Reshe na biyu ya iso Zariya a farkon ƙarni na 20. Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kuma a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa, inda aka kafa coci da makaranta da asibiti. Daga wannan al'umma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Likitancin da ya zo Wusasa jikan na Burton ne, sai dai ya riga ya yar da ruwaye huɗu ya kama ƙwayoyin cuta da allura da tiyata. Ke nan a tazarar 'yan kilomitoci aka samu rassa biyu na tushe guda: malami a zaurensa cikin birni yana maganar sanyi da zafi da sauda'u, likita a Wusasa yana duba jini a madubin likita.

3.6 Da'awar Likitocin Mulkin Mallaka

Hukumar mulkin mallaka ta kalli taɓin hankali ta fuskar tsaro. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta tanadi tsare wanda ake jin tsoron ɓarnarsa ne. Mai baƙin ciki kuwa ba ya duka, ba ya tsiraici a kasuwa. Yana ɗaka ya yi tagumi, saboda haka ba ya shiga lissafin gidan mahaukata. Daga irin wannan lissafi J.C. Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya yanke hukunci a littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa a 1953 cewa cutar ba ta cika kama 'yan Afirka ba, yana danganta haka da ƙarancin jin nauyin laifi a zukatansu.

Ba a daɗe ba aka rushe wannan magana. M.J. Field (1960) ta samu masu cutar da yawa, musamman mata, a wuraren bokaye a ƙasar Gana. T.A. Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar ƙauye a Aro kusa da Abeokuta a 1954, tare da Leighton da abokan aikinsu (1963) sun samu alamominta da yawa a tsakanin Yarabawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ƙiyasta masu ita a Nijeriya sun haura miliyan 7. Kuskuren Carothers shi ne ya nemi masu cutar a inda ba sa zuwa. Da ya karanta Burton da kyau, da ya ga cewa ko a Ingila ta ƙarni na 17 mai wannan cuta yakan zo ne da kukan ciwon ciki da faɗuwar gaba da rashin barci da tsoron an yi masa asiri, kamar dai yadda Bahaushe ke zuwa da su. Dokar 1958 ta ci gaba da aiki har watan Janairu na 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa littafin Burton taska ce da ta tattara abin da Girkawa da Larabawa da Turawa suka faɗa a kan cutar baƙin ciki, kuma kaso mai yawa na iliminsa ya bi ta Bagadaza da Ƙairawan da Andalus. An ga yadda bayaninsa na likitanci ya faɗi, siffantawarsa da nasihohinsa suka rayu a adabin Ingilishi. An kuma nuna cewa ƙasar Hausa tana da nata kason na wannan gado a littattafan ɗibbu da rubuce-rubucen malaman jihadi da kuma harshen kansa. Matsalar da ta rage ita ce ta suna. Kalma ɗaya, baƙin ciki, ita ke ɗauke da ɓacin ran yini guda da hassada da kuma cutar da ke iya kai mutum ga halaka kansa, shi ya sa ake yi wa mai ita nasihar haƙuri kawai alhali yana bukatar likita. Likitoci da 'yan jarida sun koma cewa ciwon damuwa domin a bambance. A babi na gaba za a nazarci yadda marubuta waƙoƙi da ƙagaggun labaran Hausa suka siffanta mai wannan hali, da irin maganin da suka ba shi.